Sai da na yi aski na samu aiki



Akwai maganar da na daɗe ina so in rubuta, ina ja da baya, don in na faɗe ta sai na tona wa kaina asiri. To yau dai na yanke shawara. Aikin da nake ci da shi yanzu, ban same shi ba sai da na bi ta wurin mai aski.

Ni ɗan Alakos ne, cikin gundumar Gure, jahar Damagaram. A ƙauye na fara lakwal, na ƙarasa a birni, na yi lisansi a jami'a. A shekarata ta biyu a jami'a na bar sumata. Ba wani dalili mai zurfi, ba ni cikin wata ɗariƙa ta ƴan rasta, ban taɓa shan ko sigari ba. Muna da ƴar ƙungiya ta masu rubuta waƙa muna karantawa a dandali, na ga sumar ta yi mini kyau, na murɗe ta, na bar ta. Shekara huɗu tana kaina.

Bayan na gama sarbis sibik, wata ƙungiya mai furoje a yankinmu ta buɗe neman ma'aikata masu shiga ƙauyuka suna wayar da kan jama'a. Na kai dosiye. Aka kira mu ganawa. Na amsa tambayoyi, na san ƙauyukan da za a yi aikin ɗaya bayan ɗaya, na san wace rijiya ce ke ƙafewa da bazara, ina jin Hausa da Barbarci da ɗan abin da ba a rasa ba na Fillanci. Da aka tashi, wani dattijo daga cikin masu tambayar ya ja ni gefe, ya ce: "Ƙanena, ka yi ƙoƙari ƙwarai. Amma da wannan kan ba za mu iya tura ka gaban maigari ba. In kana son aikin, ka san abin da za ka yi." Na ce: "Ranka ya daɗe, an rubuta haka cikin sharuɗɗan?" Ya yi murmushi ya ce: "Ai ba kome ake rubutawa ba."

Kwana biyu ina juya maganar. Rana ta uku na je na zauna gaban mai aski. Minti goma bai cika ba, shekara huɗu ta zube ƙasa. Na samu aikin.

Tare da ni aka kira wani abokina, wanda duk ajinmu an san ya fi ni ƙoƙari. Shi ma da sumarsa, ga ɗan kunne guda. An faɗa masa abin da aka faɗa mini. Ya ce shi kansa bai yi wa kowa laifi ba, ba zai taɓa shi ba. Yau yana kabu-kabu a Damagaram, da lisansi cikin jaka. Ba ya roƙon kowa, yana ci da guminsa, amma duk ranar da na hau bayan babur ɗinsa sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Me na fi shi? Na fi shi saurin sunkuyar da kai, iyakarta ke nan.

Kada mu yi wa juna ƙarya

Ina ganin ƴan uwanmu masu fafutuka suna rubuta wa matasa cewa kowa ya yi abin da ransa ke so, duniya ta ci gaba. Wannan magana tana da daɗin ji, amma mai faɗar ta ba shi zai biya kuɗinta ba. A garuruwanmu, wanda ya fita daban a shiga ko a aski ko a tafiya, yana biya, kuma da tsada.

Yana biya a wurin aiki. Guraben aiki kaɗan ne, masu nema ba iyaka; kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, kowace shekara sababbin masu takarda na ƙaruwa. In mutum ɗari suna neman gurbi uku, mai ɗauka yana neman dalilin rage su ne kawai, kuma babu dalilin da ya fi sauƙi kamar abin da ido ya gani. Hoto ma da muke mannawa a kan dosiye ya isa a ajiye ka gefe tun kafin a karanta sunanka.

Yana biya a wurin aure. Kafin a ba ka mata sai an yi bincike, binciken kuwa a majalisa da fada ake yin sa. "Wane yaron? Mai sumar nan?" Shi ke nan, magana ta mutu, ba wanda zai tambayi ko kana salla, ko kana ciyar da iyayenka.

Kuma ba shi kaɗai ke biya ba. Wannan ne abin da ban gane ba sai daga baya. Lokacin da nake zuwa hutu Alakos da sumata, ni ina jin kaina ɗan birni, ashe Inna ce ke shan magana a bakin rijiya da wurin suna. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, ba ta kuma saba yi mini doguwar magana ba. Ranar da ta gan ni da kai a aske, abin da ta ce kawai: "Yaron nan, yau na yi barci." Kalma shida, amma na gane nauyin da na ɗora mata shekara huɗu. A ƙauye mutum ba shi kaɗai ba ne. Kanka na gidanku ne, rigarka ta danginku ce. Duk wanda zai yi maganar ƴancin mutum a wurinmu bai sa wannan cikin lissafi ba, to da wata ƙasa yake.

Mata kuwa kuɗinsu ninki ne. Namiji in ya yi aski an manta, mako guda ya isa. Mace in aka liƙa mata suna, da shi za ta tsufa. Na san wata da muka yi karatu tare, tana sa hijabinta, amma tana tuƙa babur da kanta, tana magana da ƙarfi a taro, tana dariya ba ta rufe baki. Aikinta a biro ba wanda ke kushewa. Sau biyu ana fasa aurenta, duka biyun da magana ɗaya: idonta ya buɗe da yawa.

Tsoron mutane yana da tushe

Ba zan ce iyayenmu jahilai ne ba, don ba haka ba ne. Wanda ya zauna Damagaram ya san zamanin da ƴan fale suka addabi unguwanni, ana sare-sare da adda, ana tare ƴan mata, ƙwayar tiramol tana yawo kamar alewa. Aisha Maki, ƴar garin, ta yi fim a kan haka, mai suna Zinder, ya fito a 2021, ta shiga unguwar Kara-Kara ta zauna da waɗannan matasa. Da yawansu suna da alamar da ake gane su: zane a jiki, aski na daban, sarƙa a wuya. Uwar da aka taɓa sarar ɗanta, in ta ga mai irin wannan kama ta tsallaka titi, wa zai ga laifinta?

Amma wanda ya kalli fim ɗin da kyau ya ga abin da ya haifi fale. Kara-Kara unguwa ce da tun asali aka ware wa kutare da waɗanda gari ya ƙi. Ƴaƴan da aka haifa can sun tashi ba lakwal, ba takardar haihuwa, ba aiki. Wariya ce ta zo da farko, askin daga baya ya biyo. Yaron da aka nuna masa tun yana ƙarami cewa ba a bukatarsa, shi ne ke neman kamar da za ta sa a ji tsoronsa, tunda an ƙi a ga girmansa. Mu kuma sai muka juya lissafin, muka ce askin ne ya lalata shi. Saboda haka duk mai suma muka sa shi layi ɗaya da mai adda, muka hana shi aiki, muka tura shi tasha, sannan muka ce: "Kun gani ko? Dama mun faɗa."

Maƙwabtanmu sun ga inda wannan hanya ke kaiwa. A Najeriya, cikin abubuwan da suka tayar da zanga-zangar EndSARS a watan Oktoba na 2020 har da yadda ƴan sandan wannan runduna ke tare saurayi don kawai yana da dada ko zane a jiki ko waya mai tsada. A Kano an sha ganin hotunan ƴan Hisba suna yi wa matasa aski a bakin titi. Ban ji an ce sata ta ragu saboda haka ba. Ɓarawon da ya san aikinsa ai da babbar riga da hula yake zuwa. Waɗanda suka cinye kuɗin rijiyoyinmu da na magungunan likitocinmu, wa ya taɓa ganin ɗaya da ɗan kunne?

Baƙon abu a wurin wa?

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu ƴan wannan yanki mu ne ya kamata mu fi kowa sanin cewa kama iri-iri ce. Ka je kasuwa ranar cinta ka tsaya ka duba. Ga Buzu ya naɗe fuska sai ido. Ga Bafillace Bodaɗo da kitso har kafaɗa, ga kwalli, ga layu da wuri. Ga tsofaffinmu da tsagar gado a kumatu, kowace ƙabila da tata. Ga mata da shuni da lalle da kitso kala-kala. Ba wanda ke cewa waɗannan ƴan iska ne. In lokacin Gerewol ya yi, samarin Wodaɓe su shafa jan ƙasa da rawaya a fuska, su yi ado da gashin jimina, Turawa su biyo jirgi su zo kallo, mu sa hotonsu a kalanda mu ce al'adar Nijar. Amma wannan saurayin, in ya yi karatu ya zo neman aikin biro da kitsonsa, me za a ce masa? Mun san amsar. Gadi za a ba shi.

Ke nan abin da muke ƙi ba bambanci ba ne shi kansa. Muna yarda da bambancin da muka san akwatin da za mu sa shi. Al'adarmu ta tanadi gurbi ga wawan sarki, da ƴan kama, da ƴan tauri, da maroƙa. Suna shigar da ba mai yi, suna faɗin abin da ba mai faɗa, ana dariya ana ba su kyauta. Sai dai gurbin yana da sharaɗi: ka tsaya can, kada ka nemi ƴar malam, kada ka nemi kujera. Matashin yau laifinsa shi ne yana son duka biyu, ya yi kamar da yake so, kuma ya zauna a biro. Wannan ne ba mu saba gani ba.

Kuma abin da ake kira baƙo yana canzawa. Ku tambayi dattawa. An yi zamanin da ɗan lakwal mai wando da riga ƴar shara shi ne abin nuni, ana ɓoye yara cikin rumbu kada a rubuta su. Bayan an kafa Izala a Jos a 1978 ta bazu zuwa garuruwanmu, saurayin da ya ɗage wando ya bar gemu ya yi ƙablu a salla, akwai gidajen da aka kore shi, akwai waɗanda aka hana aure. Yau wa ke juyawa ya kalle shi? Wasu daga cikin waɗanda aka kora jiya saboda kamarsu, su ne yau ke korar wasu saboda tasu. Abin da ban dariya, in ba don ban tausayi ba.

Mai kuɗi gwani, talaka mahaukaci

Ga wani abin da na lura da shi. Fita daban ba kowa take cutarwa daidai ba.

Alfadi, mai tsara tufafi, ya fara bikin FIMA a 1998 a hamadar Tigidit kusa da Agadas. Da aka kawo bikin Yamai a 2000, an yi zanga-zanga da ƙone-ƙone a Yamai da Maraɗi. A 2016 UNESCO ta naɗa shi jakadan zaman lafiya ta fannin fasaha, yau kuma sunansa na cikin waɗanda ake ambata in ana alfahari da Nijar. Mdou Moctar, ɗan yankin Abalak, gidansu ba su yarda da kiɗa ba, da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. Yanzu Amurka da Turai yake cika dandali. Rahama Sadau, ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kore ta daga Kannywood a 2016 saboda wani bidiyon waƙa. Ta koma fina-finan Legas, har fim ɗin Indiya ta fito.

Muna son ba da waɗannan labarai don ƙarfafa gwiwa, amma mu faɗi ɗaya rabin. Waɗannan sun tsira ne don suna da baiwar da kasuwar waje ke saye, ko hanyar fita, ko masu riƙe musu hannu. Ɗan Alakos da ubansa ya sayar da awaki ya kai shi jami'a, ba ya da Legas, ba ya da Faransa. In ƙofa ɗaya ta rufe masa a Gure, ta biyu ita ce hanyar Jado wurin haƙar zinariya, ko Libiya. Ɗan mai kuɗi in ya yi shigar banza a ce ɗan gayu ne, ya ga duniya. Ɗan talaka ya yi irinta a ce ƙwaya ta taɓa shi. Attajiri ya zo taro da silifa a ce tawali'u. Kai ka zo da ita a ce ba ka da tarbiyya.

Abin da wasu suka yi

Wannan gardama ba mu kaɗai ke yin ta ba. A Gana, a 2021, makarantar Achimota, wadda Kwame Nkrumah ya yi karatu a cikinta, ta ƙi karɓar ɗalibai biyu saboda dadarsu. Iyaye suka kai ƙara, babbar kotu a Akara ta ce a karɓe su. Ɗaya daga cikinsu, Tyrone Marhguy, da ya zana jarrabawar gama sakandare a 2023 ya ci mafi girman maki a darussa takwas ɗin da ya zauna. Da an bi ta hukumar makarantar, da an yi asarar wannan kai saboda abin da ya tsiro a kansa. A Amurka, jahar Kaliforniya ta yi doka a 2019 da ta hana a ƙi ɗaukar mutum aiki saboda irin gashinsa ko kitsonsa. Faransa, wadda muka gaji tsarin biro daga gare ta, ta sa kamannin jiki cikin abubuwan da aka hana wariya a kansu tun 2001.

Mu kuma dokarmu ta ƙwadago ta 2012, a sashe na 5, ta hana mai ɗaukar aiki ya bambanta mutane saboda jinsi, ko shekaru, ko asali, ko launi, ko addini, ko ra'ayin siyasa, ko naƙasa. Doka ce mai kyau. Amma dattijon da ya ja ni gefe ya riga ya faɗi gaskiyar lamarin: ba kome ake rubutawa ba. Wariyar da ta fi cin mutane ita ce wadda ba ta bar takarda ba.

Abin da nake nema

Ban ce a bar kowa ya zo aiki yadda ya ga dama ba. Soja yana da kakinsa, ma'aikacin likita yana da ƙa'idar tsabta, malamin lakwal yana gaban yara. Wanda za a tura gaban maigari dole ya san yadda ake durƙusawa a gaida manya, ya san inda ake cire takalmi. Ladabi wajibi ne. Tsiraici da abin da addini ya hana a fili, ba su nake karewa ba. Abu huɗu nake roƙo.

Na ɗaya, ga masu ɗaukar aiki, na gwamnati da na furoje: in akwai sharaɗin shiga ko aski, ku rubuta shi cikin sanarwa, ku faɗi dalilinsa. Sharaɗin da kuke jin kunyar rubutawa, ku ji kunyar aiki da shi.

Na biyu, a daina neman hoto a kan dosiye a matakin farko. A kwankur ana rufe sunan mai jarrabawa don kada a yi son kai. Me zai hana a rufe fuska har sai an tantance takardu?

Na uku, ga iyayenmu da malamanmu, da girmamawa: ku tambaya kafin ku yanke. Yaron nan mai suma, ku kira shi ku zauna da shi. Yana salla? Yana taimakon uwarsa? An taɓa kama shi da kayan wani? In amsoshin sun yi kyau, to saura gashi ne, reza ɗaya ta ishe shi duk ranar da ya ga dama. In kun kore shi daga majalisarku, akwai wata majalisar da ke jiransa, kuma ba za ku so abin da ake koyarwa can ba.

Na huɗu, ga ƙannena. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi ka ɗaura. Ba na son karin maganar nan, amma na ɗaura, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa ban ɗaura ba. Abin da zan ce shi ne ku san farashi kafin ku saya. Ku bambanta abin da ke fita da wanda ba ya fita: suma tana sake tsirowa, zanen allura a wuya yana nan har kabari, bidiyon da ka sa a TikTok kana ɗan shekara 19 zai riga ka shiga ɗakin ganawa kana ɗan 27. Ku tambayi kanku ko abin nan naku ne har zuci, ko kwaikwayon wani mawaƙi ne da bai san da ku ba. In naku ne, ku riƙe, ku kuma ƙware a aikinku har ya zama ba a iya yi sai da ku. In kuka zaɓi ku aske don ku ciyar da gida, ba ku ci amanar kowa ba. Kada wanda ya riƙe ya zagi wanda ya aske, kada wanda ya aske ya raina wanda ya riƙe.

Ni dai ga alkawarin da na ɗauka. Shekarun baya ni ake yi wa tambaya. Yanzu wani lokaci ana sa ni cikin masu tantance sababbi. Duk ranar da na ji wani a teburin ya ce "wannan bai yi kama da ma'aikaci ba", zan tambaye shi a gaban kowa: wace tambaya ya faɗi? In babu, a rubuta dalilin ƙin sa a takarda, a sa hannu. Na san ba za a so ni ba saboda haka. To, an riga an aske ni sau ɗaya, ba abin da ya rage a aske.

Abokina kuwa, jiya ma shi ya kai ni tasha. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce in bari sai ranar da aka buɗe wani gurbin in gaya masa. Na ce to. Ban iya ce masa ya yi aski ba, ban kuma iya ce masa kada ya yi ba.

Allah ya ba matasanmu aikin yi, ya ba manyanmu haƙurin sauraro.